Kwanon Yaron Bayan Bango

Na manta muryar kakata. Gara in faɗa tun farko, don shi ne abin da ke cina. Fuskarta tana nan, mayafinta mai ruwan goro yana nan, har warin man zafin da take shafa wa gwiwa ina jinsa in na rufe ido. Amma in na ce bari in ji ta kira sunana, sai shiru, kamar talabijin da aka kashe wa sauti. Na haura hamsin, ina zaune ni kaɗai a flat na council, gidan haya na gwamnati, a Salford, can sama inda lif ke lalacewa duk lokacin da ya ga dama. Na tuƙa bas har bayana ya ƙi. Yanzu gadin wurin ajiye motoci nake yi, ina buɗe wa yaran ofis masu kati a wuya ƙofa, ba mai cewa sannu. Ban yi nisa a boko ba, kuma ban roƙi kowa ya ji tausayina ba.

'Yata Zainab ce ta tono maganar. Ta kira ni ta ce, "Baba, jikarka Jidda ta isa jin tatsuniya. Ka zo ranar Asabar ka yi mata irin ta Kaka, ni kuma in ɗauka a waya mu ajiye." Na ce zan duba. Ta ɗauka ƙyuya ce. Ba ƙyuya ba ce. Ban san yadda zan yi tatsuniyar mace da bakin da ya manta muryarta ba, kuma batun ɗauka a waya yana da tarihi a gidanmu.

A Handsworth na tashi, cikin Birmingham, a irin gidajen nan da aka jera manne da juna, bangonka bangon maƙwabcinka. Babanmu ya zo karatu, karatu ya ƙi, ya shiga masana'anta. Mamanmu tana wanki a asibiti. Dukansu aikin yamma suke yi, shi ya sa aka ɗauko Kaka daga Kano ta zauna da ni da yayata Bilki. Uwar babanmu ce, kuma da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wannan yaron" take ce masa, ko da furfura ta fara fito masa. Ni kuwa "maigida" take ce mini, ta ce na aure ta na kawo ta ƙasar sanyi ban saya mata ko bargo ba.

Akwai wutar gas a ɗakin zama, mai shuɗin harshe. Kaka ta raina wutar nan, ta ce wace irin wuta ce ba toka ba hayaƙi. Amma a gabanta take shimfiɗa tabarmarta, ta miƙe ƙafafu, mu zauna hagu da dama. Dokarta ita ce ba a tatsuniya da rana. To, a lokacin sanyi duhu kan rufe tun ba mu cire kayan makaranta ba, sai mu ci riba. Lokacin zafi kuwa rana ta ƙi faɗuwa, mu yi ta roƙo, ta leƙa taga ta ce, "Ku je ku tambayi ranar Turawa, ita ta hana ku." In za ta fara sai ta ƙwanƙwasa ƙasa da yatsa ta ce, "Ga ta a bakin ƙofa, tana sallama." Mu ce, "Ta shigo, ta rufe mana ƙofa, sanyi."

Abu ɗaya ne ba ta yi, waƙa. Kowa ya san tatsuniya ba ta cika sai da waƙa a tsakiya, amma ita tun da ta sauke farali ta ce bakinta ya yi sallama da rera abu. In labari ya kai wurin waƙa sai ta faɗi kalmomin a bushe, kamar mai karanta takardar likita. Haka muke haƙuri, har lokacin sanyin da wata murya ta fara ratso bango.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne ɗan Italiya, Mista Renzo, wanda ya yi rayuwarsa yana shimfiɗa daɓen gidajen mutane. Ba mu taɓa ganin kowa ya shiga gidansa ba. Amma da yamma, in ya ci abinci, sai murya ta taso daga ɓangarensa. Muryar namiji ce, saurayi, siririya amma ba ta rawa. Takan fara a ƙasa kamar mai jin kunya, ta yi ta hawa a hankali, har ta kai wani wuri can sama ta tsaya cak, ka ji tsigar jikinka ta tashi. Wani lokaci kuma wata murya ta biyu takan bi ta a baya, tsohuwa, a dishe, ta kasa hawan, ta koma tari.

Kaka ta kasa kunne, ta yanke hukunci. "Uba da ɗa ne. Tsohon yana koya wa yaron, yaron ya fi shi."

Babanmu ya ce, "Inna, ba kowa a gidan nan sai shi. Rediyo ce ko wani abu."

Ta ce, "Ka ji wannan yaron. Rediyo tana kuka? Rediyo tana jan numfashi? Je ka aikinka."

Daga nan abu biyu suka canza. Na farko, abinci. Kaka ba ta iya sauke tukunya ba ta zuba na maƙwabci ba, ko da maƙwabcin bai san tuwo ba. Da kwano ɗaya take aikena. Yanzu ta mai da shi biyu, na biyun ta fi cika shi da nama, wai mai waƙa yana ƙona jini. Na kai, na ce wa Mista Renzo da Turanci, wannan naka, wannan na yaron da ke waƙa. Ya daɗe yana kallona. Leɓensa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gode wa uwa. Washegari kwanukan suka dawo a wanke, da lemo a kowanne. Kaka ta ce, "Kun gani? Lemo biyu. Yaron yana da tarbiyya."

Na biyu, tatsuniya. Ta ƙirƙiro wata sabuwa, ta bar mana su gizo. Wai a wani gari akwai Dodo da ke cin duk saurayin da ya fi kowa murya. Wani manomi yana da ɗa mai irin wannan murya, sai ya ɓoye shi a cikin rumbu, ya liƙe bakin rumbun da laka, ya bar 'yar kafa. Kullum da magariba ƙanwarsa takan kawo abinci ta tura ta kafar, ta ce, "Yaya, kana nan?" Shi kuma ba ya amsawa da magana, don kar Dodo ya gane, sai ya amsa da waƙa, ta bi iska kamar kukan tsuntsu. In Kaka ta kawo nan sai ta ɗaga yatsa ɗaya sama, ta karkata kai wajen bango, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ku yi shiru, ga shi nan." Mu yi tsit. Wutar gas tana huci. Sau da yawa sai mun jira, amma ta riga ta san lokacin tsohon, kuma muryar takan zo. Ba mu jin ko kalma ɗaya a ciki. Kaka ce ke fassara mana, ita da ba ta jin ko Turanci. "Cewa yake, ƙanwata, gero ya kai gwiwa? Cewa yake, har yanzu ana kiran sunana a dandali?"

Tatsuniyar ba ta ƙarewa. Kullum Dodo ya zo da sabuwar dabara, kullum ƙanwa ta kore shi, yaro yana cikin rumbu. Mu muna jin daɗi, ita kuwa hankalinta ya fara tashi. Ta ce yaron nan ba ya fita, ba ya makaranta, ba a shanya rigarsa a igiya. Ta ce kuma kullum a wuri ɗaya yake jan numfashi, ɗan Adam mai lafiya ba ya haka.

Sai wata yamma, muna tsakiyar labari, yatsa a sama, muryar ta hau kamar kullum, ta kusa ƙololuwa, ta maƙale. Rabin kalma ɗaya ta yi ta dawowa, ta yanke, ta dawo, ta yanke, kamar wanda aka shaƙe yana neman iska. Kaka ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba. "Innalillahi! Farfaɗiya ce, ko tsohon ya kama wuyansa. Bilki, muciya! Maigida, wuce gaba, kai ne bakina."

Haka muka fita cikin yayyafi, tsohuwa da muciyar tuwo a hannu, ba takalmi. Ta yi ta dukan ƙofar har Mista Renzo ya buɗe, idonsa jawur, barci ya sace shi a kujera. Ba ta jira izini ba. Ta ture shi ta shiga, tana kira, "Ɗan nan! Ɗan nan, kana ina?" Ɗakin irin namu ne sak, sai dai a juye. Ba yaro. Akwai kujera ɗaya, hoton wata mata a bango, da garmaho a kan tebur, baƙin faifai yana juyawa, allura tana tsalle a wuri ɗaya. Tsohon ya ɗaga allurar. Shirun da ya biyo baya, har yau ban ji irinsa ba.

Kaka ta san garmaho, ta gan shi a Kano tun tana budurwa. Amma ta bango ba a jin ƙarar faifai, muryar kaɗai ke ratsowa. Ta tsaya tana kallon abin, muciya a rataye a hannunta. Ta ce, "Tambaye shi, mai muryar yana ina?"

Na tambaya. Ya ce mawaƙin ƙasarsu ne, babba, duk duniya ta san shi, irin masu waƙar wasan kwaikwayo a manyan zaure. Ya ce ya rasu da daɗewa.

"Ya rasu?"

"Ya rasu, Kaka. Tun ba a haifi Baba ba, in ji shi."

Ta nemi hannun kujera ta zauna. "To wa ke cin kwano na biyu?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce shi yake ci, washegari da rana. Ya ce ya so ya faɗa tun ranar farko, amma tun da matarsa ta rasu ba wanda ya taɓa zaton akwai mutum biyu a gidan nan, kuma ya ji daɗin zaton. Na fassara yadda na iya. Na jira Kaka ta yi faɗa. Ba ta yi ba.

Wataƙila don ya wanke kansa, ya ce mu saurara. Ya goge faifan da hannun riga ya mayar. Karon farko ke nan da na ji shi ba bango a tsakani. Kafin muryar akwai wani shuu, kamar ruwan sama a kan kwano daga nesa, sannan yaron ya fito daga cikin ruwan. Mista Renzo ya ce wannan na farko-farko ne, lokacin mawaƙin yana saurayi, ba a san shi sosai ba. Sai ya sa wani, na shekarun girma, bayan suna ya cika duniya. Mutum ɗaya ne, amma muryar ta yi kauri, ta yi duhu, ta cika ɗakin har kofuna suna amsawa.

Kaka ta girgiza kai. "Wannan ya ci ya ƙoshi, ya san za a tafa masa. Mayar mana da na farkon. Wancan da yunwa yake waƙa, yana leƙen ko uwarsa tana ji."

Da na fassara, tsohon ya rufe fuska da hannu.

Da muka koma gida wutar tana nan tana ci. Mun ɗauka an fasa labari, sai ta zauna ta ƙarasa shi, ba ɗaga yatsa. Ta ce Dodo ya tsufa ya mutu. Ƙanwa, ita ma ta yi furfura, ta ɗauko gatari ta fasa lakar bakin rumbu. Ba kowa a ciki. Yayanta ya daɗe da ficewa ta saman jinka, ya je wani gari, ya yi ƙiba, ya tsufa, an binne shi. Muryarsa ta ƙuruciya ce kawai ta rage tana kewaya rumbu, tana amsa sallama, ba ta san mai ita ya tafi ba. Mutanen gari suka ce a liƙe da sauri kar ta fita, a riƙa zuwa ana ji. Ƙanwa ta ce a'a. Ta buɗe bakin rumbu gaba ɗaya, ta ce, "Bi mai ke." Muryar ta fita, ba a ƙara jin ta ba.

Bilki ta fashe da kuka, ta ce wannan ba ƙarshe ba ne. Kaka ta ce, "Na naɗe tabarmata. Wanda bai ƙoshi ba ya lashi yatsa."

Kwano biyu bai tsaya ba. Ta ci gaba da aikawa, ta ce na biyun sadaka ne, Allah ya san inda zai kai ladan. Amma daga ranar ta ƙi kaset. A lokacin haka ake gaisuwa da gida, a ɗauki muryar kowa a kaset a ba matafiyi ya kai Kano. Babanmu ya kawo rikoda gabanta, ta kau da kai. "Ba za a liƙe ni a rumbu ba. In mutu, a bar ni ina gaishe da mutane ban san na mutu ba? Kai ka faɗa musu ina lafiya." Ya yi lallashi, ya yi fushi, ta ƙi. Bayan wasu shekaru sanyi ya ci ƙarfin gwiwarta, ta koma Kano. Kafin labarin rasuwarta ya iso mu har an binne ta.

Na daɗe ina jin haushinta a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Baturen da ban taɓa gani ba, wanda ya mutu kafin a haifi ubana, yana cikin aljihuna. Wani mai shagon tsofaffin faya-fayai a Manchester ya gano mini shi, bayan na tsaya ina yi masa gurnanin waƙar kamar mahaukaci. Yanzu ina da shi a waya, in ina gadi in sa a kunne. Na ji na girman, na ji na ƙuruciyar, kuma hukuncin Kaka bai tashi ba. A na ƙuruciyar ba ya turawa, ba ya nuna ƙarfi. Yana hawa kamar yaro a kan bishiyar da bai san tana da tsawo ba. Kana jin inda ya ja numfashi, kana jin ɗan tsoron da ke ƙarƙashin muryar kafin ya kama ta sama. Masu ilimi ma sun bi sun wanke wasu, sun cire shuu ɗin, wai gyara. Ba na sauraron waɗannan. Sun kwashe ruwan saman sun bar yaron tsirara. To, shi ga shi nan, kullum saurayi. Matar da ta goya ni kuwa, ko tarinta ba ni da shi. Ta buɗe bakin rumbu, ni ta bari da fanko.

Ranar Asabar na hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, na je gidan Zainab. Jidda ta tare ni a ƙofa, na ce, "Amarya, ba ki yi mini girki ba?" Ta ce da Turancinta na 'yan Manchester wai na tsufa da yawa, ta fasa auren. Babu wutar gas, sai hita a jikin bango. Na ce a jira duhu. Zainab ta ce, "Baba, wace doka ce wannan kuma?" Na ce dokar da ta girme ki. Ta jingina wayarta da kofi tana ɗauka, na gani, na yi kamar ban gani ba. Tawa wayar na ba mijinta, na tura shi ɗaya ɗakin, na ce in ya ji na yi shiru ya kunna waƙar, kuma ya rufe ƙofa. Ta bango nake son ta zo.

Na fara a daddafe, rabi Hausa rabi Turanci, muryata kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Na kawo manomi, na kawo rumbu, na kawo ƙanwa da kwanonta. Da na iso wurin, yatsana ya tashi da kansa, kaina ya karkata, na ji an ce, "Ku yi shiru, ga shi nan." Daga bakina ta fito, amma wallahi ba tawa ba ce. Da ɗan jan nan nata a ƙarshen kalma, da kaushin goro, da komai. Sannan yaron ya taso ta bango, ya hau, ya tsaya can sama. Jidda ta riƙe hannun rigata ta ce, me yake cewa? Na ce cewa yake, har yanzu ana kiran sunana a dandali?

Bayan an kai ta barci na ce wa Zainab ta kunna mini abin da ta ɗauka. Na saurara har wurin. Ba kowa a ciki sai wani tsoho mai dishewar murya yana cewa a yi shiru. Na mayar baya, na sake ji. Ni ne kawai. Zainab ta ce, "Amma Baba, a lokacin na ji muryarka ta canza, har na ɗago kai." Na ce na sani.

Ta tambaya ko ta goge. Na ce ta bari, yarinyar ta samu abin da ni ban samu ba, ko ba komai ta san kakanta ya taɓa zama ya yi mata labari. Amma na gane abin da tsohuwar ta gani a ɗakin Mista Renzo. Faifai ya riƙe wa yaron can muryarsa, bai san wa ke sauraro ba, bai san an daina kawo masa tuwo ba. Ita ba ta so haka. Ta fi son ta zo in an yi duhu, in akwai yaro a gefe, ta ari bakin wanda ya zauna, ta faɗi abu ɗaya ta koma.

Har yanzu in ina ni kaɗai a flat ba na iya kiran muryarta. Na gwada, ba ta zuwa. Shi ya sa duk Asabar nake hawa tram da ciwon bayana, in zauna in jira rana ta faɗi. Ban ƙarasa wa Jidda labarin ba. Kullum sai in ƙirƙiro wa Dodo sabuwar dabara. Ta fara ƙorafi, tana tambaya yaushe za a buɗe rumbun. Na ce mata ba yanzu ba, amarya. Akwai tsohuwa mai zuwa cin kwano na biyu.